Yayana ya ce jitata kamar a cikin tulu aka kaɗa ta

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Garwa, shekarata 23. Yau shekara 3 ke nan ina koyon jita, kuma wanda ya fara ɗora min yatsu a kan tsirkiya ɗan gwaggona ne da ya girme ni, wanda ya taɓa aiki a wani sutudiyo a Yawunde. Akwai wata tsohuwar waƙar Fulatanci da marigayi mahaifinmu yake yawan sa wa a kaset. Na yi wata 2 ina sake rera ta a ɗakina da tsohuwar kwamfuta da ƙaramin makirufo, na ɗauki jita daban, murya daban, na haɗa su da kaina. Da na gama sai na tura a gurufmu na WhatsApp mai mutum 14, na ce, "Ya kuka gani?" Abokai suka yi ta yabo. Can sai ga saƙon murya daga Yaya. Ya ce jitar kamar a cikin tulu aka kaɗa ta, murya ta nutse, akwai ƙugi a ƙasa, eko ya yi yawa kamar mai waƙa a rijiya, kuma kiɗan yana gudu a tsakiya. Ya ƙare da dariya. Yau sati 3 ban je gaishe shi ba, ban kuma taɓa jitar ba. Wani abokina ya ce hassada ce kawai. Wani ya ce laifin makirufo ne, na kuwa ga wani na sefa dubu 120, har ina tunanin taɓa kuɗin adashen da nake tarawa don in sayi keken ɗinki na kaina. Don Inna na yi waƙar, amma har yanzu na kasa sa mata. In sayi makirufon ne, ko in haƙura da kiɗan gaba ɗaya?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Layin da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka shi na fi tsayawa a kai. Da waƙar soyayya ce ka kwaikwaya don nishaɗi, da maganar tulu ta ba ka haushi na kwana ɗaya ka wuce. Amma wannan muryar gidanku ce ta lokacin da tsohon yake raye, wata biyu kana zaune da ita dare bayan dare, sannan aka yi dariya a kanta a gaban mutum goma sha uku. Dole ta yi zafi, kuma ba zan ce maka bai kamata ka ji zafin ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka raba saƙon Yayanka gida biyu. Akwai yadda ya faɗa, akwai kuma abin da ya faɗa. Sati uku ke nan kana tauna na farkon, na biyun kuwa ko buɗe shi ba ka yi ba.

Mu fara da maganar hassada, don in cire maka ita daga rai. Mai hassada hanya biyu gare shi. Ko ya ce maka ta yi kyau ƙwarai, ya bar ka ka fita kasuwa da riga a birkice, ko kuma ya ce "ba ka iya ba" a dunƙule, yadda ba za ka san inda za ka kama ba. Yayanka bai yi ko ɗaya ba. Abu biyar ya lissafa maka, kowanne da wurinsa, har da cewa kiɗan yana gudu a tsakiya. Ba wanda zai gane kiɗa ya ƙara sauri a tsakiya sai wanda ya saurara daga farko har ƙarshe, kuma da wuya a ce sau ɗaya ya saurara. A cikin mutanen nan goma sha uku, ina kyautata zaton shi ne ya fi ba waƙarka lokaci. Abokanka da suka yaba ba ƙarya suka yi ba, sun ji abokinsu yana waƙa ya burge su, amma da yawansu sun danna hoton wuta tun kafin baiti na farko ya ƙare.

Sannan akwai abin da kai ka fi ni sani. Ɗan gwaggo taubashi ne, abokin wasa. Tun kuna yara tsokana ce gaisuwarku, kuma ina da tabbacin kai ma ka sha jefa masa wadda ta fi tulu zafi. Mai yiwuwa dariyar nan a wurinsa wasan taubasai ce da aka saba, bai san cewa wannan karon kan gyambo ya taka ba. Ka gaya masa don Inna ka yi? Ka gaya wa wani a guruf ɗin? A wasiƙarka ban ga alamar haka ba. Abin da ka rubuta musu shi ne "ya kuka gani", kuma wanda ya yi zaman sutudiyo in aka yi masa wannan tambayar, abin da kunnensa ya ji zai faɗa, don a can haka ake magana, ba a sa wa gyara zuma. Wannan ba ya wanke shi tas. Babba ne, malaminka ne, ya san hanyar lambarka, da ya kira ka ku biyu da ya fi. Yana da nasa laifin a nan, kuma akwai ranar da za ka gaya masa. Amma kada ka manta mahaifinka kawunsa ne. Waƙar nan shi ma ya ji ta a tsakar gidanku, ba mamaki abin da ya sa ya kasa barin ta ta wuce da ƙura a jikinta ke nan.

Yanzu mu buɗe abin da ya faɗa, domin a nan ne amsar tambayarka ta kuɗi take. Kai tela ne. In aka yanka yadi ba daidai ba, ka san babu gugar da za ta gyara shi, komai tsadar dutsen gugar. Ɗaukar sauti ita ce yanka, haɗa shi a kwamfuta, abin da 'yan sutudiyo ke kira miksaj, shi ne ɗinki da guga. A cikin abu biyar ɗin Yayanka, uku tun wurin yanka suka samo asali, biyu ne kawai na wurin haɗawa, kuma babu ɗaya da sabon makirufo zai warkar.

Ɗauki maganar tulu. Kusan duk mai fara ɗaukar jita yana saita makirufo daidai ramin da ke tsakiyar cikinta, don ga alama daga nan sauti yake fita. To ramin nan iskar cikin akwatin jitar yake hurowa, kuma iskar tana amsawa ne a wajen Hz 100 (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri, babbar lamba siriri), can ƙasa, inda sauti yake kumbura. Ka ƙara da cewa yawancin makirufon da ake waƙa da su, in aka matso da su kusa sosai, ƙasan sauti suke ƙarawa. Sannan ga ɗakin. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 zuwa 350 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka ɗaki mai faɗin mita 3 tsakanin bango da bango yana riƙe sauti a wajen Hz 57 da kuma ninkinsa, wajen 115. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kan Hz 82, mai bi mata tana kan 110. Ka ga ke nan ramin jita da makirufo da bangon siminti duk sun taru a wuri guda suna hura abu ɗaya. Tulun ke nan. In ka kawo makirufon sefa dubu 120 ka ajiye shi a wannan wurin, a wannan ɗakin, tulun zai ɗauko maka, sai dai ya fi fito da shi sarai.

Maganinsa ba ya cin ko dala. Ka janye makirufon daga ramin, ka saita shi wajen gaɓa ta 12, kusa da inda wuyan jita ya haɗu da jikinta, da tazarar kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 30. Ka ɗauki daƙiƙa ashirin, ka matsar da shi yatsu uku, ka sake ɗauka, ka yi haka sau biyar ko shida kana faɗin inda yake da bakinka kafin ka fara kaɗawa, don kada ka rikice in ka zo saurare. Za ka yi mamakin yadda yatsu uku suke canza jita. Kada ka zauna a kusurwa, a nan ƙasan sauti yake taruwa, kada kuma ka zauna daidai tsakiyar ɗaki. Ka jingina katifarka a bangon da ke bayanka, ka shimfiɗa darduma ko bargo a ƙasa in siminti ne ko tayil, ka sauke labule. Kai da ke da shago cike da yadi ma ai ka fi kowa sa'a. Na taɓa jin murya da aka ɗauka a shagon tela bayan an tashi, tsakanin rigunan da aka rataye, ta fi ta wasu ɗakunan da aka kashe wa kuɗi tsabta. In kuma a gidanku akwai tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara ko na ciyawa, gwada shi, sau da yawa ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano daɗin sauti, ga shi ya fi sanyi.

Ƙugin da ya ji a ƙasa kuwa, kusan na rantse na wuta ne. Lantarkin Kamaru a kan Hz 50 yake tafiya, kuma in waya ba ta da kyau ko gidan ba shi da layin ƙasa, wannan gurnanin yana bin caja ya shiga kwamfuta, ya zauna a 50 da 100 da 150. Gwajin mai sauƙi ne. Ka danna ɗauka ba tare da ka kaɗa komai ba, ka yi shiru na daƙiƙa goma, sannan ka zare cajar ka ƙara goma. In gurnanin ya ɗauke, ka kama ɓarawon, daga yau da batir za ka riƙa ɗauka. In bai ɗauke ba, ka kashe fanka, ka duba firji ko doguwar fitila da ke kan layi ɗaya da kai, ka nisanta wayarka da makirufon. Na san abin da ake nufi da kashe fanka a Garwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Ka ɗauka a gajerun zango, minti biyar ka buɗe ƙofa ka sha iska. Da sanyin safiya bayan an sauko daga asuba, kafin masu babur su cika titi, ya fi tsakar dare, don mutanen gida da maƙwabta su ma suna da hakkin barcinsu, sai dai ka yi yarjejeniya da zakaran gidan.

Na uku a cikin na wurin yanka shi ne gudun kiɗa, kuma wannan na san shi ya fi maka ciwo, domin hannunka ya taɓa, ba na'ura ba. Kowa yana yi. In waƙa ta zo wurin da take taɓa zuciya, hannu yakan yi gaba. Ka sa metronom a wayarka, wato manhajar da ke buga ƙwas-ƙwas a kan sauri ɗaya, ka daidaita shi da farkon waƙar, ka bar shi yana bugawa har tsakiya, za ka ji da kunnenka ko Yaya ya yi gaskiya. In ɗan kaɗan ne, ni ba na ganin laifi, tsofaffin masu garaya da molo ba da agogo suke kiɗa ba, waƙarsu tana numfashi. Amma in ya kai ga muryarka tana bin jitar da gudu tana haɗiye kalmomi, sai ka yi sati guda kana bita da metronom a hankali, ƙasa da saurin waƙar, kafin ka sake ɗauka. Ka kuma dubi tsirkiyoyin. Gumi da ƙurar hunturu suna kashe su, kuma tsirkiyar da ta shekara a jiki ba ta da sauran haske. In dai sai ka kashe kuɗi, to a nan za ka kashe, ka sa sababbi kwana biyu ko uku kafin ɗauka don su zauna.

Saura biyu na wurin haɗawa, kuma su biyun 'yan uwan juna ne. Kusan duk wanda ya fara jin muryarsa a na'ura kunyarta yake ji, sai ya rage ta, ya lulluɓe ta da eko don ta ɓuya. Ina zaton abin da ya faru da kai ke nan, kuma waƙar da ka zaɓa ta ƙara maka nauyin baki. Ka kashe ekon gaba ɗaya tukuna. Ka ɗaga muryar ita kaɗai yadda kake so, sannan ka shigo da jitar daga ƙasa a hankali har ta tallafe ta, ba ta hau kanta ba. A ikwalaiza, wato wurin da ake rage ko ƙara kauri da sirancin sauti, ka yanke wa jitar duk abin da ke ƙasa da Hz 80, don babu komai nata a can sai gurnani, ka rage mata desibel (ma'aunin ƙara) 2 ko 3 a tsakanin Hz 200 da 400 inda laka take taruwa. Murya ma ka yanke mata ƙasan. Sai a ƙarshe ka dawo da eko, ka ɗaga shi har ka fara jin sa, sannan ka ɗan koma baya. Duk wannan manhajar kwamfuta ta Audacity tana yi, kuma kyauta ce, BandLab ma tana yi a waya. Lokacin ɗauka kuma kada ka bari ma'aunin ƙarar sauti ya taɓa ja, ka bar mafi ƙarfin bugunka yana tsayawa wajen desibel 10 ƙasa da sifili, domin sautin da ya fashe ba ya ɗinkuwa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma shi ya jefa ka cikin wannan. Wata biyu kana jin abu ɗaya, da abin kunne ɗaya, a ɗaki ɗaya. Kunne yana sabawa da aibi kamar yadda hanci yake sabawa da warin ɗaki, mai shigowa ne yake ji. Shi ya sa ko manyan masu aikin ba sa yarda da kunnensu su kaɗai. In ka gama haɗawa, ka bar ta ta kwana biyu ba ka taɓa ba. Sannan ka ji ta a lasifikar waya, ka ji ta a ƙaramar lasifikar Bluetooth irin ta masu shayi, ka ji ta a mota in ka samu, ka kuma rage ƙara sosai ka ga ko har yanzu ana gane kalmomin. Lasifikar waya ba ta iya fito da ƙasan sauti ba, don haka ma ba abin mamaki ba ne abokanka ba su ji tulu ko ƙugi ba, shi kuwa Yaya da ya sa abin kunne mai kyau ya ji. Duka ɓangarorin abin da ya iso kunnensu suka faɗa. Wata dabara kuma, ka ɗora asalin waƙar, ko wata waƙar jita da murya da kake jin daɗin sautinta, a layi ɗaya da taka, ka daidaita ƙararsu, ka riƙa tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Daidaita ƙarar wajibi ne, don kunne kullum yana zaɓar wadda ta fi ƙara ya ce ita ta fi kyau.

To batun adashe. Kada ka taɓa shi. Keken ɗinki shi zai ciyar da kai, shi ne kuma wata rana zai saya maka makirufon da kake so ba tare da ka ji a jikinka ba. Ka yi gyare-gyaren nan da kayan da kake da su, ka sake ɗauka. In bayan haka har yanzu zuciyarka tana gaya maka makirufo ne, ka ari mai kyau na dare ɗaya, wurin Yayan naka ko wurin masu kayan sauti na biki, ka ɗauki baiti ɗaya da naka, ɗaya da na aro, a wuri ɗaya, ka ba wani ya sa maka su ba tare da ka san wanne ne wanne ba. In ka iya bambance su sau huɗu a cikin biyar, to ka fara sabon tari daban domin sa. Akwai kuma hanya ta tsakiya, ka ɗauki jitar a gida yadda ranka yake so, ka biya kuɗin awa ɗaya ko biyu a wani sutudiyo a nan cikin gari don murya kawai. Kuɗin ba zai yi kusa da dubu 120 ba, kuma za ka ga yadda ake aikin da idonka.

Game da neman ra'ayi nan gaba, ka daina jefa aikin da bai gama nuna ba a cikin taro. Kai ma ba ka rataye riga a ƙofar shago da zaren ɗauri a jikinta, mai ita kake kira ya gwada. Mutum biyu ko uku sun isa. Ɗaya mai kunnen sana'a, ɗaya wanda bai san komai game da na'ura ba amma ya san waƙar, kuma tun da Fulatanci ce, ka samu dattijo ko dattijuwa da harshen yake nasu na gado su ji lafazinka, domin Fulatancin kasuwa da muke yi da na tsofaffin waƙoƙi akwai rata. Kowanne ka yi masa tambayar da zai iya amsawa. Maimakon "ya kuka gani", ka ce, kana jin kowace kalma a baiti na biyu? A wane minti hankalinka ya fara tafiya wani wuri? Jitar ta danne murya ko ta yi nisa? Ka tura ainihin fayil ɗin ta wurin da aka rubuta Document a WhatsApp, ba a matsayin bidiyo ko saƙon murya ba, don waɗancan matse sauti suke yi, sai a kama ka da laifin da ba naka ba. Ka riƙa sa wa kowane gyara lamba, na 1, na 2, na 3, kada ka goge na baya, domin wata rana za ka gyara har ka ɓata, ka so komawa. Kuma ba duk abin da aka faɗa maka za ka bi ba. In mutum ɗaya ya faɗi abu, ra'ayinsa ne, ka ajiye a gefe. In uku da ba su haɗa baki ba suka nuna wuri ɗaya, akwai abu a wurin.

In wata rana ka so ɗora ta a YouTube ko Facebook, ka tuna waƙar tana da mai ita. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 ta bar wa mawallafi haƙƙinsa tsawon rayuwarsa, sannan magadansa na shekara 50 bayan rasuwarsa. Sa ta a cikin gida tsakanin iyali babu damuwa. Fitar da ita duniya ko neman kuɗi da ita kuwa, ka rubuta sunan mai waƙar a fili, in kuma ana iya samun sa ko iyalinsa, ka nemi izini. YouTube na da na'urar da ke gane waƙoƙin da aka yi wa rajista, tana iya karkatar da kuɗin talla zuwa ga masu su.

Inna kuma, ba ikwalaiza za ta saurara ba. Tsoron da kake ji na sa mata, ina ganin ba na tulu ba ne kaɗai, kana tsoron abin da waƙar za ta tayar a ranta da naka. Kada ka yi mata ba-zata a cikin mutane. Ka samu lokacin da take ita kaɗai, ka ce mata ka koyi waƙar nan da Baba yake so, in tana son ji. In ta ce a bari, ka bari ba tare da ka ji an ƙi ka ba, kowa da yadda yake ɗaukar rashi, wasu iyayen ma kiɗan ne gaba ɗaya ba su sake da shi ba. In ta ce bismillah, ni da zan zaɓa maka, da ka bar kwamfutar a ɗaki, ka zauna a tabarma kusa da ita da jitar a hannu. Wannan ba sai ka jira an gama wani miksaj ba.

Saura Yaya. Sati uku ya isa, kada ya zama wata uku, har gwaggo ta fara tambayar abin da ya haɗa ku, ƙaramar magana ta zama ta manya. Kai ne ƙarami, kai za ka je, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda ya koya maka riƙon jita. Kada ka shiga da ƙorafi. Ka gaishe shi, ka ce ka saurari saƙonsa, ka gwada zare caja, ga abin da ka samu. Mai sana'a in ya ga an ɗauki maganarsa an yi aiki da ita, bakinsa yakan yi laushi da kansa. Sai hira ta yi daɗi, shayi ya zagayo na biyu, sannan ka gaya masa don wa ka yi waƙar, ka ce, "Yaya, gyaranka na karɓa, amma nan gaba ka yi min shi mu biyu." Ina sa ran zai ji nauyi fiye da yadda kake zato. In kuwa ya sake mayar da abin wasa, ko ya ci gaba da yi maka dariya a gaban mutane, to ka riƙe zumunci, ka ci gaba da gaisuwa, amma ka kai waƙoƙinka wurin wani kunnen, Garwa ba ta rasa masu aikin sauti a gidajen rediyo da wuraren biki ba.

Ka sauko da jitar yau da daddare ka goge mata ƙura, ka ɗaure tsirkiyoyin ko da ba za ka kaɗa komai ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ka rataya ta ka nufi gidan gwaggo, ka tafi da wayarka da waƙar a ciki, ka ce masa ya nuna maka daidai daƙiƙar da kiɗan ya fara gudu.